Tarihin Mas'alar Taguwa a Waldar Nakiya

Waldar nakiya hanya ce ta haɗa fallayen ƙarfe biyu, galibi masu jinsi dabam kamar titaniyum da baƙin ƙarfe, inda akan ɗora ɗaya bisa ɗaya da 'yar tazara a tsakani, a shimfiɗa nakiya a kan na sama, a tayar da ita daga gefe guda, sai ƙarfin fashewar ya maka na sama a kan na ƙasa a karkace, mahaɗarsu tana gudun mita 2,000 zuwa 3,000 a daƙiƙa. Wanda ya yanka abin da ya haɗu, ya goge shi, ya duba da madubin ƙara girma, zai tarar da iyakar ƙarafan ba a miƙe take ba, taguwoyi ne jere reras, kuma a kan dalilin samuwarsu ne malamai suka daɗe suna bahasi.

Tun a Yaƙin Duniya na Farko an lura cewa gutsattsarin bam sukan manne a jikin sulken ƙarfe maimakon su huda shi, amma ba a ɗauki lamarin da muhimmanci ba. A 1944 L. R. Carl ya wallafa bayanin fallayen tagulla da fashewa ta haɗa. A cikin waɗannan shekaru ma, almajiran Mikhail Lavrentyev sun ci karo da irinsa a Kiev suna nazarin harsashi mai huda sulke. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya mai da abin sana'a, ya sami takardar mallakar fasahar a 1964, alhali kuwa har lokacin babu wanda ya tabbatar da dalilin taguwar.

Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne, a daidai wurin karon matsi yakan kai haddin da ƙarfe, ba tare da ya narke ba, zai kwarara tamkar ruwa, har wata siririyar tsartuwa ta fita gaba tana kankare tsatsa da dauɗar fuskokin biyu, wadda ka'idarta Birkhoff da Taylor da abokansu suka shimfiɗa a 1948. Daga nan saɓani ya fara. A 1961 Abrahamson ya harba ruwa a kan abu mai laushi, ya nuna tsartuwa mai tafiya tana barin tudu da kwari a bayanta. A kan wannan Bahrani da Black da Crossland na Belfast suka gina ƙaulinsu a 1967, cewa tsartuwar takan tura tudu a gabanta, tudun ya tare ta, ta haye shi ta sake tono wani. Hunt kuwa, a 1968, ya jingina lamarin ga rashin daidaito irin na Kelvin da Helmholtz, kamar yadda iska mai gudu take tayar da igiya a fuskar kogi. Cowan da Bergmann da Holtzman suka yi ƙiyasi da jerin guguwoyin von Kármán, suka kawo hujja a 1971 cewa iyakar takan sauya daga miƙaƙƙiya zuwa mai taguwa idan wani adadi irin na Reynolds ya haura kimanin 10.

Mazhabar Novosibirsk, wadda Andrei Deribas yake cikin jagororinta, ta fi karkata ga awo, kuma a ganina ita ta fi amfanar masu aiki, domin ta tabbatar cewa tsawon taguwa yana bin kaurin fallen sama da girman kusurwar karo. A 1973 Wittman ya tsara iyakokin gudu da kusurwa waɗanda walda take inganta a cikinsu. Nan ne aka gane cewa taguwa ba sharaɗin ingancin haɗi ba ce, don miƙaƙƙiyar iyaka ma takan riƙe gam. Idan kuwa nakiya ta yi yawa, taguwar takan nannaɗe ta kulle narkakken ƙarfe a cikinta, wanda in ya daskare tsakanin alminiyum da baƙin ƙarfe yakan zama mai saurin tsagewa. Lissafin kwamfuta na wannan zamani yana iya fitar da surar taguwar daidai da ta gwaji, amma jamhurun masana ba su haɗu a kan ƙauli guda ba tukuna.