Shekarar da Kalangu Ya Yi Shiru

A cikin akwatin ƙarfen kawuna, wanda ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana bayar da hayar kujeru da rumfuna a birnin Kano, akwai wani littafin lissafi mai baƙin bango. Kowane shafi mako guda ne: ranar biki, unguwa, yawan kujeru, kafin alƙalami da cikon kuɗi. Rubutun yana tafiya a cunkushe har mako na uku na watan Maris 2020. Daga nan sai shafuka goma sha biyar da babu komai a kansu sai kwanan wata, domin kawu bai daina rubuta kwanan watan ba ko da babu abin da zai biyo baya. Ni nake taya shi riƙe littafin idan an yi hutu, kuma waɗannan fararen shafuka ne suka sa na bi diddigin tambaya guda: a lokacin da hukuma ta hana taro domin ceton rayuka, me ta tanadar wa waɗanda taro ne gonarsu?

Wanda bai san Kano ba zai ɗauka biki shagali ne kawai. Alhali daga kamu zuwa ɗaurin aure, daga yinin biki zuwa walima, aure ɗaya yana ciyar da gidaje masu yawa. Akwai mai ƙunshi da mai kitso, akwai tela da mai girki, akwai mahauci, makaɗi, maroƙi, mai hoto, mai a-daidaita-sahun da zai kai kujeru, da masaukin da baƙi za su kwana. Wannan kuwa tsohuwar sana'a ce. Tun zamanin fatake, fatoma ne yake saukar da baƙon da ya zo cin kasuwar Kurmi, ya ciyar da shi, ya adana masa haja, ya haɗa shi da mai saye. Garin da ya ginu a kan karɓar baƙo da tara jama'a, ranar da aka ce kowa ya zauna a gidansa, an taɓa masa jijiyar wuya.

Ba a 2020 annoba ta fara shigo mana ba. A watan Satumba 1918 murar nan da ta game duniya ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo da hanyoyin fatauci har ƙasar Hausa, inda tsofaffi suka riƙa ambatonta da sunan marisuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya. Bayan shekara takwas, a 1926, Turawan mulki suka kafa dokar killacewa. Abin lura shi ne, da wannan doka ce Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa hujja a ƙarshen Maris 2020 wajen rufe Legas da Ogun da Abuja. Doka ce da aka tsara domin tsare mutane da hana cuta yaɗuwa. Ba a gina ta a kan tunanin abin da wanda aka tsare zai ci ba. Mun gaji makullin, amma ba mu gaji rumbun da ya kamata ya zo tare da shi ba.

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle daga 16 ga Afrilu, sannan ranar 27 ga watan Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin rufe jihar baki ɗaya na mako biyu, aka kuma yi ta tsawaitawa. Azumi ya kama a cikin kulle. Ba zan ce matakin zalunci ne ba, domin na ga abin da ya jawo shi. A makonnin nan Kano ta yi ta binne dattawanta, malamai da 'yan boko da attajirai, har maƙabartu suka zama wurin da ya rage ana haɗuwa. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa binciken da aka yi a kan mace-mace 979 ya nuna rabinsu ko fiye suna iya zama da alaƙa da cutar. Rigakafi ya fi magani, kuma mai kujera ma ya san haka.

Sai dai asarar ta kasance mai nauyi. An yi sallar Idi ranar 24 ga Mayu, amma babu hawa. Babbar Sallah ma haka ta wuce a ƙarshen Yuli: babu Hawan Daushe, babu Hawan Nassarawa, a shekarar farko ta sarautar Sarki Aminu Ado Bayero. Badukun da suke ɗinka kayan doki, masu algaita, da otal-otal ɗin da suke cika da 'yan kallo duk sun rasa kakarsu. Mai shago yana iya buɗewa a ranakun sassauci ya sayar da shinkafa; mai rumfa kuwa babu ranar da aka sassauta masa, domin hajarsa ita ce cunkoson da ake gudu.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, kuma adalci ne a faɗi abin da ta yi. Tun a Maris Babban Bankin Najeriya ya ware Naira biliyan 50 domin bai wa magidanta da ƙananan masana'antu rance, aka kuma sanya masaukai da gidajen abinci cikin waɗanda suka cancanta. A Yuni aka amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na Naira tiriliyan 2.3 wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. A ƙarƙashinsa aka ware Naira biliyan 75 ga ƙananan 'yan kasuwa, ciki har da biyan ma'aikata albashin Naira 30,000 zuwa 50,000 na wata uku, da kyautar Naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da direbobi, da yi wa sunayen kasuwanci 250,000 rajista kyauta.

A nan ne tarihin takarda ya rabu da tarihin littafin kawu. Abu na farko, lokaci. An buɗe shafin neman tallafin albashi ranar 21 ga Satumba, alhali an ɗage kullen Kano tun farkon Yuli. Yunwar Afrilu ba ta jiran maganin Satumba. Abu na biyu, sharuɗɗa. Ana neman shaidar rajistar kasuwanci, da lambar banki ta BVN, da jerin ma'aikata masu asusu, a kuma cike komai ta intanet. Otal mai akawu da takardun albashi zai iya. Kawu kuwa yaransa bakwai ne, kowanne ana sallamarsa a hannu da yammacin ranar da aka kwashe kujeru. Mai ƙunshi a cikin gidan aurenta take aiki, maroƙi kuma bakinsa ne ofishinsa. Abu na uku, rance ga wanda bai san ranar komawa aiki ba kaya ne a kan kaya.

Laifin bai tsaya a gefe ɗaya ba. Na taɓa tambayar kawu dalilin da bai yi rajista ba duk tsawon shekarun nan. Ya ce, "Ɗana, duk ranar da hukuma ta rubuta sunanka, haraji ne yake biyo baya." Wannan tsoro ma gadon tarihi ne. Tun zamanin ƙidayar jangali da kuɗin ƙasa talaka ya koyi cewa ɓuya ita ce kariya. Sai ga ranar da ɓuyar ta zama asara: wanda ya kauce wa idon mai karɓa, ya kauce wa hannun mai bayarwa. Da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Kaduna da wasu garuruwa a Oktoba 2020, rashin yardar ya ƙara samun gindin zama.

To, me ya riƙe mutane? Abin da ya riƙe kakanninsu a shekarar marisuwa: dangi, maƙwabta, zakka da adashi. A gidanmu, gwaggo ta sayar da awakinta biyu, kawu ya sayar da kujeru ɗari biyu cikin ɗari shida a kan rabin kuɗinsu, ya riƙa auna wa yaransa gero kowace Juma'a har buhun ya ƙare.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, hanyar isa ga masu sana'a ba sabuwa ba ce a Kano. A da kowace sana'a tana da shugabanta, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Makaɗa, kuma ta hannunsu fada take sanin jama'arta. Yau ma masu rumfuna da masu girki da masu hoto suna da ƙungiyoyinsu, sun san wanda yake sana'a da wanda ya zo cin banza. Idan aka tattara sunayensu tun ana zaune lafiya, aka kuma ɗaure dokar hana taro da dokar tallafi a igiya ɗaya, ranar da aka rufe ƙofa ranar za a buɗe rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shafi na goma sha shida a littafin kawu yana ɗauke da aiki guda: suna, kujera arba'in, babu rumfa. Cikin yaransa bakwai, biyar ne suka dawo. Ɗaya ya koma ƙauye noma, ɗaya ya tafi Legas acaba, kuma har yau kawu bai goge sunayensu daga bangon littafin ba.