La Liga a Safo: ƙwallon ya iso, harshen ya tsaya a hanya

A Fabrairun 1959 gidan talabijin na Sifaniya, TVE, ya nuna karawar Real Madrid da Barcelona kai tsaye a karon farko. Lokacin Nijar ba ta ma samu cikakken 'yancin kai ba. Mutumin Safo, garin manoma da ke kudu da Maraɗi a gundumar Madarunfa, da wuya a ce ya taɓa sa ido a kan tele. Yau jikansa yana iya jero maka 'yan wasan Barcelona har da na benci.

Tele ta shigo Nijar ta ƙofar makaranta a 1964, da taimakon Faransa. Sai a 1979, zamanin Janar Seyni Kountché, Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a, aka kuma kai akwatunan kallo na gama-gari ƙauyuka, wasu masu aiki da hasken rana. Shekara uku bayan haka Sifaniya ta karɓi baƙuncin Gasar Kofin Duniya ta 1982, inda Aljeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci 2-1 a Gijón, Kamaru kuma ta koma gida ba tare da an ci ta ko wasa ɗaya ba.

Amma gasar La Liga kanta, wadda aka kafa tun 1929, sai da tauraron ɗan'adam ya zo kafin ta zama abincin kowane ƙarshen mako. Canal Horizons ta Faransa ta shigo Afirka a farkon shekarun 1990, DStv ta Afirka ta Kudu ta biyo baya a 1995, Al Jazeera Sport ta Katar ta buɗe a 2003. Yankin Maraɗi, da yake bakin iyaka ne, ya ci moriyar kowane ɓangare: dikodar da ta fito daga Yamai tana magana da Faransanci, wadda aka tsallako da ita daga Jibiya ko Katsina tana Turanci, wani faranti kuma ya kamo Larabci. Sifaniyanci ne kaɗai bai samu mazauni ba. Mashahurin shirin nan na ranar Litinin, El día después, wanda Canal+ ta Sifaniya ta soma a 1990, ko doguwar kururuwar cin ƙwallo da Andrés Cantor ya yi suna da ita a tashar Univision ta Amurka, duk sun wuce mu ta sama.

Abin da ya ja zukata, a ganina, fuskokin gida ne. Finidi George ya je Real Betis a 1996, Emmanuel Amunike ya je Barcelona a shekarar. Daga baya Samuel Eto'o ya riƙe gaban Barcelona daga 2004 zuwa 2009, ga Yaya Touré da Seydou Keita a tsakiya, ga Mahamadou Diarra a Madrid, ga Kanouté a Sevilla yana ɗaga yatsa sama in ya ci. Zuwan Umar Sadiq, ɗan Kaduna, Almería a 2020, sannan Real Sociedad a 2022, ya sa Bahaushe ya ga nasa na kansa a fili.

Shiga gidan kallo na garuruwa irin Safo daren El Clasico, wato karawar Real Madrid da Barcelona. Rumfar zana ce ko kwano, an jera bencina, mai gida yana ƙofa yana karɓar 'yan sefa, janareta na ruri a baya har ba a jin mai sharhin tele. Babu wanda ya damu. Sharhin gaskiya daga bencina yake fitowa, da Hausa: “Kai, ba shi mana!” “Wallahi alƙalin nan an saye shi!” Mai shayi a waje ya san sakamako daga ihu kawai.

Agogo ma ya taimaka. Lokacin sanyi sa'ar Madrid da ta Maraɗi ɗaya ce, saboda haka wasan ƙarfe tara na dare yana faɗowa bayan isha'i, an dawo daga gona an ci tuwo. Da La Liga ta sa El Clasico da ƙarfe ɗaya na rana a 23 ga Disamban 2017 don masu kallo na Asiya, a nan sai ya ci karo da azahar.

Babbar matsala ita ce wuta. Maraɗi ta daɗe tana shan lantarki daga Najeriya ta layin Katsina, kuma da aka yanke shi a Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yuli, kakar wasa ta buɗe a watan da janareta da kuɗin mai suka koma su ne masu yanke hukuncin ko za a ga wasa ko a'a.