Jitar Gwangwan Da Ta Mayar Da Ni Zangon Kumasi

 Yau labarin wata tsohuwar jita na kawo maku, wadda na saya a banza, amma ta sa na tono wani tarihi da aka daɗe ana rufewa a gidanmu.

A hunturun 2023 na je kasuwar Dei-Dei, kan hanyar Kubwa zuwa Zuba, domin sayen katakon kanta. Ina ratsawa ta wajen 'yan gwangwan sai na hango ta a jingine tsakanin wata matacciyar fanka da buhun wayoyi. Jita ce mai tsirkiya huɗu, irin wadda makaɗa ke kira bes, mai kaurin muryar nan da mutum ke ji a ƙirjinsa. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran ukun sun yi tsatsa, wuyanta ya lanƙwashe kamar baka, sunan kamfanin ma ya goge. Yaron ya ce naira dubu 40, na taya 20, muka daidaita a 25. Ni kuwa ban taɓa riƙe jita ba tun da nake. Da na shigo da ita gida, uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, katakon kantar ke nan?"

Dalilin wannan ɓarnar kuɗi shi ne kawuna. A zangon Kumasi aka haife ni, kakanninmu fataken goro ne daga Kano, gida kuma na malamai da 'yan kasuwa. Kun dai san yadda Bahaushe ya ɗauki kiɗa: sana'ar gado ce, wanda bai gada ba in ya shige ta sai a ce ya lalace. Sai bayan rasuwar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, muka ga wani hoto a ƙasan adakarta. Ƙaninta ne, da wando fantalo da suma buya-buya, ya rataya bes a kafaɗa. Ashe ya yi shekaru yana kaɗa ta a wata ƙungiyar hailaif a shekarun 1970, babu wanda ya taɓa gaya mana. Mu dai direban babbar mota muka san shi.

To daga ina wannan abu ya fito? Kafin ita, ƙungiyoyin kiɗan Turawa suna amfani ne da wata ƙatuwar goge da ake kaɗawa a tsaye, mai tsawon mutum, mai wuyar ɗauka, ga shi kakaki da ganguna suna danne muryarta. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya gwada ƙera ta lantarki a birnin Siyatil a shekarun 1930, ba ta yi kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, ya fito da samfurin da ya kira Precision, ya ƙara da Jazz Bass a 1960. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, kuma har yau yawancin masu ƙerawa wannan awon suke bi. Daga baya masana'antun Japan da Koriya da Sin suka yi ta kwaikwayonta da araha. Tawa tana cikin irin waɗannan jikokin.

A yankinmu kuwa hailaif ne ya buɗe mata ƙofa. E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos sun riƙa zuwa Najeriya daga Ankara a shekarun 1950, irin su Victor Olaiya da Rex Lawson suka ɗaukaka kiɗan a nan. Zuwa shekarun 1970 bes ta lantarki ta zama ginshiƙin kowace ƙungiya, daga ta K. Gyasi a Kumasi har ta Fela a Legas. Harshen Hausa ma bai tsaya a baya ba. Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya kafa babbar ƙungiya a Kaduna yana waƙa da Hausa a kan jita da kakakin Turawa. A Maraɗi kuma marigayi Sa'adu Bori ya ɗora waƙoƙin bori a kan kayan zamani.

Abin da ya kashe kasuwar su kawu siyasa ce. Rawlings ya yi juyin mulki ranar 31 ga Disamba 1981, aka kafa dokar hana fitar dare wadda ta wuce shekara biyu, gidajen rawa suka mutu. Makaɗa da dama suka tafi Jamus da Ingila, wasu suka koma kiɗa a coci. Waɗanda suka nufo Legas kuma korar baƙi ta 1983, zamanin Shagari, ta mayar da su gida da jakunkunansu. A Arewa fiyano ne ya ƙarasa aikin: daga ƙarshen shekarun 1990 mutum ɗaya da Yamaha a situdiyon Kano yana fitar da ganga da sarewa da bes duka, ya ishi waƙar fim. Ita kuwa Abuja, gwamnati ba ta tare a cikinta ba sai 12 ga Disamba 1991, lokacin zamanin manyan ƙungiyoyin nan ya riga ya ja baya. Shi ya sa in kana neman bes a garin nan yau, a coci-cocin Nyanya da Karu da lambunan shaƙatawa za ka fi jin ta.

Gyaran ya ci mini wata uku, galibi daren Asabar. Na fara da kwance komai, na jera sukurori a faranti, na jiƙa ƙarafunan a kananzir na goge da tsohon buroshin haƙori. Maɗauran tsirkiya na ɗiga masu man keken ɗinki. Iskar hunturu ta busar da katakon wuyan har bakin ƙarafunan da ke gicciye a kansa suka fito suna yankar hannu, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin zarto. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa da alanki domin miƙe shi, kuma ƙa'ida ita ce kwatan juyi, a bar katako ya huta, a sake dubawa. Ni da gaggawa na yi juyi guda cur, na ji wani ƙas! Gabana ya faɗi. Allah Ya taimake ni tsatsa ce ta saki, sandar ba ta karye ba. Tsofaffin tsirkiyoyin na dafa su a tukunya domin dattin ya fita, dabarar makaɗa marasa kuɗi ce, amma daga baya dole na sayi sababbi, kuɗinsu ya kusa rabin na jitar.

Da na haɗa ta da lasifikar aro, shiru. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Kubwa, ya buɗe, ya nuna mini waya ɗaya da ta saki. Ya ce, "Alhaji, ai wannan maganaɗisu ne kawai aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Tsirkiya ta girgiza, shi kuma ya mayar da girgizar lantarki." Ya ɗiga dalma, ya karɓi naira 500. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa guda, kuma da ya taɓa ta sai da kwalaben shagon suka amsa.

A wajen wannan aiki ne na gane cewa abin bai yi mana nisa kamar yadda aka nuna mana ba. Muna da garaya mai tsirkiya biyu, da molo mai uku, da gurmin su Haruna Uji, da kukumar su Hassan Wayam. Ɗan abin da ke ɗage tsirkiya daga fata mu jaki muke ce masa, ita ma bes tana da nata jakin na ƙarfe, aikinsu ɗaya. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, kuma kuntigi gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Ashe haɗa kayan kiɗa daga abin da wasu suka yar tsohuwar al'adarmu ce.

Bayan ƙaramar sallar 2024 na yi ƙarfin hali na kira Kumasi. Kawu ya haura saba'in, idanunsa sun yi rauni. Muka gaisa, na ce, "Kawu, akwai abin da nake so ka ji." Na ajiye wayar gaban lasifika na kaɗa ɗan abin da na koya, hannuna na rawa, don ban san ko zai ji haushi na tono abin da ya binne shekara arba'in ba. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Ɗan nan, wa ya gaya maka?" Na ce hoton da ke adakar Inna. Ya ce ashe Yaya ba ta ƙona shi ba. Ya sake yin shiru, sannan ya ce, "Tsirkiyarka ta biyu ta yi sako-sako. Ɗaure ta kaɗan ka sake."

Na duba, haka ne. Tun daga ranar kowace Lahadi da yamma muna darasi ta waya, yana ba ni labarin Kumasin da ban sani ba, ina rubutawa. 'Yan uwa, duk mai dattijo a zango ya zauna da shi ya tambaye shi tun yana da rai, domin akwai irin hotunan nan a adakoki da yawa. Kantar dai har yau ban yi ba, uwargida na nan na tuna mini.