Palaver: Soyayyar Turawa a Kan Duwatsun Filato

A shekarar 1926, lokacin da majigi bai koyi magana ba tukuna, wani Bature ɗan Ingila mai suna Geoffrey Barkas ya fito da fim ɗin Palaver, wanda ya ɗauka a ƙasar Sura da Angas, mutanen da muke kira Mwaghavul da Ngas a yau. Masana da dama suna ƙirga shi a matsayin dogon fim na farko da aka shirya a Nijeriya. Mu da muke Keffi ba baƙin wannan yanki ba ne, domin sai a 1996 aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato.

Labarin gajere ne. Di'o Peter Allison da wani mai haƙar kuza, Mark Fernandez, suna takarar neman wata ma'aikaciyar jinya, Jean Stuart. Fernandez ya riƙa ɗirka wa Sarki Dawiya barasa yana zuga shi, har mutanensa suka yi bore. Di'o ya kashe wutar, ya kuma samu budurwar. Tun da babu murya, sai a nuna rubutu a kan allo tsakanin hoto da hoto, sauran kuwa ido da motsin jiki ne suke faɗa. A nan daɗinsa yake: kallo ɗaya na Hilda Cowley, wadda ta fito a matsayin Jean, yakan ɗauke nauyin da zance mai tsawo yake ɗauka a finafinan Kano.

Amma soyayyar ta Turawa ce kaɗai. 'Yan ƙasa, waɗanda ba 'yan wasa ba ne, an jera su ne a matsayin taron da ba ya motsi sai an zuga shi. Mu kuwa mun san tarihinmu. A 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya nufi Kano wurin Sarki Alu, kuma ba barasar kowa ce ta tura shi ba.

Duk da haka ba mu shawarci ɗalibi ya kau da kai ba. Fuskokin mutanen da duwatsun nasu na gaske ne, kamar yadda suke shekara ɗari da ta wuce. Barkas kuwa, a Yaƙin Duniya na Biyu, shi aka ɗora wa aikin ɓad da kamar kayan yaƙin Ingila a hamadar Masar.