Yadda Mary Lyon Ta Kafa Kwalejin Mount Holyoke

Kafin shekarar 1837 akwai makarantun 'yan mata a Amurka, amma galibinsu na mutum ɗaya ne. In mai makaranta ta rasu ko kuɗinta ya ƙare, sai a rufe ƙofa, ɗalibai su watse. Kuɗin makaranta kuwa sai 'ya'yan masu hali. Mary Lyon ta san wannan matsala ciki da bai, domin ita kanta 'yar ƙaramin manomi ce. An haife ta a Buckland, jihar Massachusetts, a 1797. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ta fara koyarwa tana da shekara 17 a kan senti 75 a mako, tana kwana gidajen iyayen ɗalibanta bi da bi.

A 1834 ta ajiye aikinta a wata makarantar 'yan mata a garin Ipswich, ta shiga neman gudunmawar kafa sabuwar makaranta. Dala 1,000 na farko daga hannun matan yankin ya fito. Daga nan ta yi ta bin garuruwa a keken doki, riƙe da wata koriyar jaka ta karan-miski, tana shiga gidaje da majami'u. Wani ya ba da senti 6, wani dala 1,000, duk ba ta raina ba. Masu suka sun ce bai dace mace ta riƙa yawon roƙon kuɗi ba. Ba ta kula su ba. Abin da ta nace a kai shi ne makarantar ta zama amana a hannun kwamitin amintattu, kamar wakafi, kada ta zama dukiyar kowa. Ko sunan Mary Lyon ba a sa wa makarantar ba, na wani dutse da ke kusa, Mount Holyoke, aka ɗauko.

Ran 8 ga Nuwamba 1837 aka buɗe makarantar a garin South Hadley da ɗalibai 80. An umarci kowace ta zo da Littafi Mai Tsarki, da littafin taswirori, da ƙamus, da cokali 2. Ba a ɗauki 'yan aiki ba. Ɗalibai ne ke girki da shara da wanki, shi ya sa kuɗin shekara bai wuce kimanin dala 60 ba, har da ci da kwana. Karatun kuma ba na ƙawa ba ne: akwai jarrabawar shiga, akwai lissafi da kimiyya, Mary Lyon da kanta take koyar da ilimin sinadarai. Sai dai a faɗi gaskiya, malamai ne suka biya wani kaso na wannan arha, don albashinsu ɗan kaɗan ne ƙwarai, dokokin gidan kuma masu tsauri ne. Marubuciyar waƙa Emily Dickinson shekara ɗaya ta yi a can ta koma gida.

Mary Lyon ta rasu ran 5 ga Maris 1849, aka binne ta a harabar makarantar, karatu kuma bai tsaya ba. Tsarinta ya kai har Afirka ta Kudu, inda aka buɗe makarantar Huguenot a Wellington a 1874. A 1888 Mount Holyoke ta sami izinin ba da digiri, a 1893 ta zama cikakkiyar kwaleji. Frances Perkins, wadda ta kammala a can a 1902, ita ce mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a gwamnatin Amurka, a 1933.