Ƙarfen da Yaƙi Ya Bari: Daga Harsashin Adibo Zuwa Bam Ɗin Atisaye

Yau za mu yi magana a kan tsoffin ƙarafunan yaƙi da ƙasa ke riƙe da su a arewacin Ghana. Manomi kan tono su da garma, mai haƙa harsashin gini kan ci karo da su, yaro kan ɗauka ya kai wa mai sayen gwangwan. Wani abin tarihi ne da ya kamata a adana, wani kuwa ajali ne a kwance cikin tsatsa. Rarrabe wannan da wancan shi ne abin da muke so mu taɓa, gwargwadon abin da Allah ya sanar da mu.

Kashi na farko na zamanin bindigar toka ne. Tun Salaga tana kan ganiyarta, lokacin da fataken Kano da Katsina ke sauka Gwanja neman goro, bindigogi da albarushi kan hauro daga bakin teku ta hannun Asante. Da su aka yi yaƙin basasar Salaga na shekarar 1892, wanda ya tarwatsa kasuwar, har malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Karaci da zama. Da su kuma 'yan bindigar Dagwamba, waɗanda ake kira Kambonsi, suka tari rundunar Jamus a Adibo, kudu da Yandi, ranar 4 ga Disamba 1896, zamanin Ya-Na Andani. Dagwamba sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma mai bindigar toka sai ya tsaya ya ɗura albarushi ya danna ta baki, alhali sojan Jamus yana ɗura tasa ta gindi, tana kuma cin dogon zango. Aka karya su, Jamusawa suka shiga Yandi suka sa mata wuta. Abin da wannan zamani ya bari shi ne bututun bindiga mai tsatsa, da ƙanƙarar ƙyastu, da dunƙulen darma ko guntayen ƙarfe da ake ɗurawa a matsayin harsashi. Har yau a Yandi zuriyar Babatu, mayaƙin Zabarmawa da ya ƙare rayuwarsa a garin, suna riƙe da wasu kayan yaƙinsa.

Kashi na biyu na Turawan mulki ne, kuma a nan tarihin ya shafe mu kai tsaye. A 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya cewa yankin Salaga da Yandi ba na kowa ba ne a cikinsu. A 1899 suka raba shi, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yandi ta faɗa hannun Jamus, ƙasar Dagwamba ta tsage biyu. Rundunar da Ingila ta riƙe ƙasar da ita ta samo asali ne daga dakarun da aka sani da sunan Hausawa, kuma Hausa ce harshen bariki shekaru masu yawa, ko da sojan Gurunshi ne ko Mosi. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, sojan wannan runduna, Alhaji Gurunshi, shi ake lissafawa a matsayin sojan Ingila na farko da ya yi harbi, a ƙasar Togo cikin watan Agusta 1914. Ranar 26 ga watan Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina, Yandi ta koma hannun Ingila.

Shaidar wannan zamani ita ce kwanson harsashi na tagulla. Wanda ya goge gindinsa zai ga haruffa da lambobi, waɗanda sau da yawa ke nuna masana'antar da ta ƙera shi da shekarar ƙira. Kayan gwamnatin Ingila kuma suna ɗauke da wata alama mai kama da kan kibiya, layuka uku da suka haɗu a sama. Kwanson da aka riga aka harba, mai ɗan lotsawa a tsakiyar gindinsa kuma babu komai a cikinsa, ba ya cutarwa. Wanda ke da kansa a cike, wannan yana nan da ransa.

Kashi na uku ya zo da jiragen sama. Daga 1940 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a haɗa su a can, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Alƙahira. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya, kuma a wannan lokaci aka yi filin jirgin Tamale domin aikin soja. Duk inda ake horar da matuƙan jirgin yaƙi a duniya akwai abin da ake kira bam ɗin atisaye. Ana ƙera shi da siffar da za ta sa ya faɗo kamar na gaske, amma ba a cika shi da nakiya mai rushe gini. Na Ingila a yaƙin duniya na biyu ƙarami ne, nauyinsa kusan kilo 5. Na Amurka akwai mai kusan kilo 45, na falle-fallen ƙarfe, wanda ake cika wa yashi. Sai a sa masa ɗan albarushi ko sinadari, domin in ya bugi ƙasa ya ba da hayaƙi ko walƙiya, mai duba ya san inda ya sauka.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da tara irin waɗannan kayan ya zame musu abin sha'awa. Suna gane su ta siffar jiki, da fikafikan wutsiya, da nauyi, da rubutun da aka buga a jikin ƙarfen, sannan da launi. A tsarin da Amurka da ƙawayenta ke bi yau, shuɗi alamar kayan atisaye ne, ɗorawa kuwa alamar nakiya mai ƙarfi. To amma a nan gizo ke saƙar. Ba kullum fenti ke kai shekara 80 a cikin ƙasa ba. Launukan ma ba ɗaya ba ne a kowace ƙasa da kowane zamani. Kuma bam ɗin atisayen da ya faɗo bai tashi ba yana riƙe da ɗan albarushin nan nasa, wanda ya isa ya cire wa mutum yatsu ko ya makantar da shi, musamman in an sa masa guduma ko wutar walda. Tsufa ba ya kashe nakiya, sai ma ya ƙara mata saurin fushi. A watan Satumba 2017 an kwashe mutane wajen 60,000 daga gidajensu a birnin Frankfurt na Jamus saboda bam guda na Ingila da ya kwanta tun yaƙin duniya na biyu.

Wannan ya shafe mu ta hanyar sana'a. 'Ya'yanmu na zango da na arewa su ne da yawa a cikin masu sayen tsohon ƙarfe, daga Tamale har Kumasi, kuma ƙarfe yana tafiya cikin buhu daga hannu zuwa hannu, ba wanda ya tambayi asalinsa. Daga nan ya isa wurin maƙeri ko mai narka tukunya. A Bawku kuwa, garin da rikicin sarauta ya daɗe yana wahalar da shi, abin da aka tsinta a gona yana iya zama na bara, ba na zamanin Bature ba. A can babu batun kayan tarihi. Duk abin da ya yi kama da harsashi ko gurneti, a ɗauke shi a matsayin mai rai.

Don haka muna roƙon iyaye da malaman makarantun allo da shugabannin 'yan gwangwan su sanar da na ƙasa da su. Wanda ya ga ƙarfe mai siffar kwalba ko kifi, mai fikafikai a wutsiya ko murfi mai zare a hanci, kada ya ɗaga, kada ya ƙwanƙwasa, kada ya jefa a wuta ko a rijiya. Ya sa alama daga nesa, ya kori yara, ya gaya wa Sarkin Zango ko mai unguwa, su kuma su sanar da 'yan sanda, domin soja suna da ƙwararrun da wannan ne aikinsu. Kuɗin kilo biyar na ƙarfe ba ya sayen hannu, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya.

Amma bututun bindigar toka, da takobi, da kwanson da babu komai a cikinsa, waɗannan kada a sayar da su a kan sikeli. A rubuta inda aka same su da sunan kakan da ya riƙe su, a ajiye a gida ko a kai gidan tarihi. Mai son ganin manyan makamai da idonsa ya je gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi, inda aka jera har da waɗanda kakanninmu suka ƙwato a yaƙin Habasha da na Bama.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Bawku da sauran garuruwanmu lafiya, ya tsare mana zuriya. Amin.