Tarihin Madubin Hangen Taurari Mai Sarrafa Kansa

Madubin hangen taurari mai sarrafa kansa na'ura ce da ake girkawa a bisa tsauni ko a tsakiyar hamada, a haɗa ta da kwamfuta da intanet, ta kwana tana ɗaukar hotunan sama ba kowa a kanta. Masu harkar sun kasa shi gida biyu. Akwai wanda mutum ke juyawa daga nesa, yana zaune a ɗakinsa yana ba da umarni, madubin na bi nan take. Akwai kuma wanda saƙo kawai ake bar masa: ga tauraron da ake so, ga tsawon lokacin da kyamara za ta zauna a buɗe, ga launin hasken da za a tace. Shi zai duba yanayi, ya zaɓi sa'ar da ta dace, ya yi aikin, gari ya waye a tarar da hoto. Wannan na biyun tamkar kai niƙa ne: a ajiye kwarya a layi, a tafi harkar gaba, a dawo a ɗauki gari.

Juya madubi ba shi ne abin da ya ci shekaru ba, domin tun ƙarni na 19 ake da injin da ke sa madubi ya bi tafiyar taurari. Ƙashin aikin shi ne koya wa na'ura hankalin mutumin da ke kwana a gindin madubi. Shi ne ke leƙa waje ya ga hadari ya taso ya rufe rufi, ya lura raɓa ta kwanta a kan gilashi, ya gane cewa tauraron da ke tsakiyar hoto ba shi ake nema ba. Na'urar da ba ta iya waɗannan ba, dare ɗaya na ruwan sama ya ishe ta.

A Amurka aka fara gwadawa. A tsakiyar shekarun 1960 masanan Jami'ar Wisconsin, ƙarƙashin Arthur Code, sun haɗa wani ƙaramin madubi mai faɗin inci 8 da kwamfutar PDP-8, ya riƙa auna hasken taurari shi kaɗai dare bayan dare. A wannan zamanin ne aka kafa madubi mai inci 50 a tsaunin Kitt Peak na jihar Arizona, da nufin a riƙa juya shi ta layin tarho daga birnin Tucson. Kayan aikin lokacin ba su kai ga ɗaukar wannan nauyi ba, kafin shekarun su ƙare aka mai da shi na hannu.

Ƙananan kwamfutoci masu araha ne suka farfaɗo da maganar, kuma ba a manyan cibiyoyi ba. A watan Oktoba na 1983 wani injiniya, Louis Boyd, ya bar madubinsa mai inci 10 yana aiki a bayan gidansa da ke birnin Phoenix, ya shiga ya yi barcinsa. Shi da abokin aikinsa Russell Genet na cibiyar Fairborn sun zaɓi aikin da ya fi gundurar ɗan Adam, wato auna taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. A auna tauraro, a auna maƙwabcinsa don kwatance, a auna duhun sama, a koma farko, haka har asuba. Mutum yakan yi gyangyaɗi, na'ura kuwa ko a jikinta. Sai ga kyamarar CCD, wadda aka ƙirƙiro tushenta a ɗakin binciken Bell a 1969, ta fara isa hannun masu sha'awa wajen ƙarshen shekarun 1980. Da hoto ya tashi daga fim ya koma lambobi, aika shi ta waya ya zama abu mai sauƙi.

Shekarar 1993 ce ta buɗe wa jama'a ƙofa. John Baruch na Jami'ar Bradford a Ingila ya ɗora madubi a kan wani tudu kusa da ƙauyen Oxenhope, ya haɗa shi da intanet, duk mai so ya aika da buƙatarsa. Sai dai samaniyar yankin Yorkshire ba ta rabuwa da gajimare, har daga baya aka mai da aikin tsaunin Teide a tsibirin Tenerife, inda ake hango gajimare a ƙasa. A 1993 ɗin kuma shirin TIE ya fara bai wa makarantu damar juya madubi mai inci 24 na tsaunin Wilson a Kalifoniya daga cikin aji.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin abin. A ƙarshen Maris na 1994 wasu ɗalibai mata biyu na wata sakandare a garin Oil City, jihar Pennsylvania, sun nemi hoton gungun taurarin M51 ta hanyar shirin Hands-On Universe na Berkeley. Ashe a daidai kwanakin wani tauraro ya fashe a cikin gungun. Hoton aikin makaranta ya zama cikin hotunan farko na fashewar da aka sa wa suna SN 1994I, an ɗauke shi tun kafin a sanar da gano ta.

Ga masu bincike, sauri ne babbar riba. Ran 23 ga Janairu, 1999, wani tauraron ɗan Adam na hukumar NASA ya ji tartsatsin hasken gamma daga can ƙuryar sama, ya aiko da saƙo ƙasa. A lokacin, a Los Alamos akwai wata na'ura mai suna ROTSE-I, wadda ba komai ba ce illa gilasan kyamara guda huɗu a kan ƙafa ɗaya. Cikin daƙiƙa 22 ta juya ta fara ɗauka, ta kama hasken fashewar tun tana kan faruwa, abin da ba a taɓa samu ba. Fashewar ta auku ne a nisan shekarun haske kimanin biliyan 9, amma na ɗan lokaci haskenta ya kai a gan shi da ƙaramin tabaran hangen nesa na hannu. Da mutum aka buga wa waya, kafin ya laluba takalminsa an gama.

Daga nan madubai suka girma. Na Liverpool, mai faɗin mita 2, ya fara ganin sama a tsibirin La Palma a 2003, aka kuma ware wa makarantun Birtaniya kaso daga lokacinsa. Wani attajiri, Dill Faulkes, ya ba da fam miliyan 10 aka gina irinsa guda biyu, ɗaya a tsaunin Haleakala na Hawai, ɗaya a Siding Spring ta Ostireliya. Dabarar zaɓen wuraren ta fi girman madubin burgewa: yara ba sa zuwa makaranta da dare, to sai a nemo musu inda dare yake. Ƙarfe 10 na safe a Landan lokacin hunturu tsakar dare ne a Hawai. Lissafin ya hau kan Kano da Zinder ma, inda ƙarfe 10 na safe yake daidai da 11 na dare a can.

A 2005 Wayne Rosing, tsohon shugaban injiniyoyi a kamfanin Google, ya karɓi madubai biyun ya sa su cikin cibiyar Las Cumbres. Yau cibiyar tana da madubai sama da ashirin a Hawai, Texas, Chile, Tenerife, Ostireliya da Sutherland ta Afirka ta Kudu. Manhaja ɗaya ce ke raba musu aiki, tana sake lissafi a kai a kai, in hadari ya rufe wannan wuri ta tura buƙatar wancan. Da taurari biyu masu tsananin nauyi suka yi karo aka ji girgizarsu ran 17 ga Agusta, 2017, maduban cibiyar na cikin waɗanda suka tsinci hasken a gungun NGC 4993, suka yi ta miƙa wa juna shi daga nahiya zuwa nahiya yana dusashewa. Ƙananan madubai ma ba a bar su a baya ba. TRAPPIST, mai santimita 60 kacal a La Silla ta Chile, daga birnin Liège na Beljiyam ake ba shi aiki, shi ne kuma ya fara gano duniyoyin da ke kewaya tauraron TRAPPIST-1, waɗanda a 2017 aka tabbatar bakwai ne. Ɗan'uwansa yana Oukaïmeden, a tsaunukan Atlas na Maroko.

Sai ɓangaren haya. Slooh, da aka kafa a 2003, da iTelescope suna sayar wa masu sha'awa lokaci a kan madubai a ƙasashe daban-daban, wasu kamfanoni kuma fili da rufi da wutar lantarki suke bayarwa, mutum ya aika da nasa madubin Chile ko Namibiya ko Sifaniya. Wanda ya karɓi hotonsa na farko yakan sha mamaki, domin abin da ke zuwa baƙi da fari ne, dishi-dishi, cike da ɗige-ɗige. Sai an ɗauki wuri ɗaya sau da yawa ta matatar ja, da kore, da shuɗi, wani lokaci da wadda hasken iskar haidurojin kaɗai ke ratsawa, a cire dattin kyamara, a jibga hotunan kan juna, sannan launi ya fito. Hoto guda yakan ci sa'o'i goma ko fiye na buɗe kyamara.

A nan ake ja-in-ja. Tsofaffin hannu, waɗanda suka sha sanyi a daji suna saita madubi, suna ganin hoton haya ba cikakken na mai shi ba ne. Suna da hujja ta wani gefen, domin ɗalibin da bai taɓa ɗaga kai ya nemo Kaza da 'Ya'yanta da idonsa ba ya yi asarar wani abu da allon kwamfuta ba zai ba shi ba. Amma maganar ta fi daɗi a bakin wanda yake da madubi da samaniya mai kyau. Wanda fitilun birni suka kashe wa taurari, ko wanda hazon hunturu da hadarin damina suka raba masa shekara, ba shi da wannan zaɓi. Cibiyar Las Cumbres tana bai wa ƙungiyoyin ilimi sa'o'i kyauta a kan madubanta masu santimita 40, kuma daga cikin masu cin gajiyar akwai PACS e-Lab, ƙungiyar da wani ɗan Najeriya ya kafa, wadda ke koya wa ɗalibai da malamai a ƙasashen Afirka yadda ake neman hoto da yadda ake auna abin da ke cikinsa.

Sabuwar matsalar ita ce taurarin ɗan Adam. Tun da kamfanin SpaceX ya fara harba jerin Starlink a 2019, dubbansu ke ratsa sama da magariba da asuba suna ja wa hotuna farin layi, har ta kai manhajojin haɗa hotuna sai sun zubar da ɗigon da layin ya bi ta kansa kafin su fitar da hoto.